Yadda ake haɗa wa jarumi sana'a biyu a wasan Dungeons & Dragons

Dungeons & Dragons, wanda ake taƙaitawa da D&D, wasa ne na ƙagaggen labari da ake yi a kan tebur. Mutum huɗu ko biyar kan zauna, kowa da takarda da fensir, tare da jagoran wasa wanda ke ba da labarin, yake kuma yanke hukunci. Kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda, shi ke faɗin abin da jarumin zai yi, sannan a jefa ƙwaya irin ta lido domin a ga ko ya yi nasara. Ƙwayoyin wasan suna da fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20, kuma yaƙi da sihiri da dodannin da ake ambata duk lambobi ne a takarda.

Kowane jarumi yana da sana'a, wato fannin da ya ƙware a kai, kamar yaƙi ko sanɗa ko sihiri. Yana farawa daga mataki na 1, ba ya wuce mataki na 20. Dokar wasan ta ba ɗan wasa damar ya ɗauki sabon matakin da ya samu ya sa shi a wata sana'a dabam, jarumin ya zama mai sana'a biyu ko fiye. Sai dai matakan nan 20 su ne dukkan jarin da ke hannunsa. Duk matakin da ya kai sana'a ta biyu, daga ta farko ya cire shi, kuma littafin dokokin bai tanadi hanyar dawo da shi ba sai in jagora ya yi sassauci. Tun da labari guda kan ɗauki watanni ana buga shi, wanda ya yi kuskuren lissafi zai daɗe yana jan jarumi mai rauni, abokan tafiyarsa da suka dogara da shi su ma su ɗanɗana kuɗarsu.

Wannan bayani ya ginu ne a kan bugu na biyar na wasan, bisa littafin Player's Handbook na 2014, sannan a nuna abin da gyaran 2024 ya sauya.

Asalin dokar

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙiro wasan, kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka ya buga shi a 1974. Sana'o'i uku kaɗai ke cikinsa a lokacin: mayaƙi, mai sihiri da mai hidimar bauta. Tun a wannan bugu an ba jinsin da ake kira Elf, wasu halittu masu kama da mutane da tsawon rai, damar su riƙa sauyawa tsakanin yaƙi da sihiri daga wannan tafiya zuwa waccan.

A littafin Advanced Dungeons & Dragons na 1978 an raba abin gida biyu. Jinsunan da ba mutane ba, irin su Elf da wadanni, suna iya riƙe sana'a biyu ko uku tun daga farko, ana raba musu makin gogewa daidai a tsakaninsu. Ɗan Adam kuwa sai dai ya ajiye sana'arsa ta farko ya koma sabuwa daga tushe, kuma ba zai ci moriyar tsohuwar yadda ya kamata ba har sai sabuwar ta zarce ta.

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, ya fitar da bugu na uku a 2000. Nan ne aka kawo tsarin da ake bi har yau, inda ɗan wasa ke zaɓen sana'ar da zai sa kowane sabon mataki. A wancan bugu akwai tara: wanda ya bar tazarar fiye da mataki ɗaya tsakanin sana'o'insa yana asarar kashi 20 cikin ɗari na makin gogewa, in ba ɗayarsu ce sana'ar da jinsinsa ya fi karkata gare ta ba. Bugu na huɗu na 2008 ya taƙaita abin zuwa aron 'yan dabaru daga wata sana'a. Bugu na biyar ya dawo da tsarin 2000, ya soke tarar, ya gindaya sharaɗin shiga. Littafin 2014 ya ajiye dokar a matsayin zaɓi, ma'ana sai jagora ya amince ake amfani da ita.

Sana'o'i 12 da sharaɗin shigarsu

Kowane jarumi yana da siffofi shida da ake ba maki: Ƙarfi, Zafin nama, Juriya, Hazaƙa, Hikima da Kwarjini. Maki 10 ko 11 shi ne na mutum matsakaici. Maki 12 ko 13 yana ƙara 1 a kan abin da ƙwaya ta nuna, 14 ko 15 yana ƙara 2, haka har zuwa maki 20 da ke ƙara 5. Kafin jarumi ya ƙara sana'a, dole ya kasance da aƙalla maki 13 a siffar da sabuwar ke nema, da kuma wadda sana'arsa ta yanzu ke nema. Mutane da yawa kan manta da wannan sharaɗi na biyu. Ga abin da kowace ke buƙata:

- Mayaƙi, gwanin makamai: Ƙarfi ko Zafin nama
- Babariyan, mutumin jeji mai yaƙi cikin fusata: Ƙarfi
- Faladin, barden da ya yi rantsuwa: Ƙarfi da Kwarjini
- Maharbi, masanin daji: Zafin nama da Hikima
- Ɗan sanɗa, gwanin ɓuya da buɗe makulli: Zafin nama
- Ɗan zuhudu, mai faɗa da hannu: Zafin nama da Hikima
- Mawaƙi, mai sihiri ta hanyar kiɗa: Kwarjini
- Kilarik, mai hidimar bauta a ƙagaggiyar duniyar wasan: Hikima
- Duruwid, mai rikiɗa zuwa dabba: Hikima
- Masanin Sihiri, wanda ya koya daga littafi: Hazaƙa
- Magajin Sihiri, wanda aka haifa da shi: Kwarjini
- Walok, wanda ya samu ta hanyar yarjejeniya: Kwarjini

Maki 13 ba arha ba ne. A ɗaya daga hanyoyin rabon maki ana ba ɗan wasa lambobi shida ya rarraba: 15, 14, 13, 12, 10 da 8. Uku ne kawai suka kai 13. A wata hanyar ana ba shi kuɗin saye 27, inda maki 13 ke cin 5, maki 14 ke cin 7, maki 15 ke cin 9. Wanda ke son haɗa Faladin da Ɗan zuhudu yana buƙatar 13 a siffofi huɗu, wato 20 daga cikin 27 sun tafi wajen biyan kuɗin shiga kawai, kafin ya waiwayi Juriya wadda rayuwar jarumin ta rataya a kanta. Wanda ya haɗa Walok da Magajin Sihiri kuwa Kwarjini kaɗai zai gina, ya wadatar da duka biyun.

Abin da ke bin jimilla da abin da ke bin sana'a

Jarumi mai sana'a biyu yana da lamba iri biyu: jimillar matakansa, da matakinsa a kowace sana'a. Mayaƙi 3 da Masanin Sihiri 2 jarumi ne na mataki na 5. Akasarin ruɗanin da ake samu yana zuwa ne daga rashin sanin wacce lamba ce ke aiki a ina.

Abu uku ke bin jimilla. Na farko makin gogewar da ake buƙata domin hawa mataki: 300 na mataki na 2, 900 na 3, 2,700 na 4, 6,500 na 5, 14,000 na 6, har zuwa 355,000 na mataki na 20. Saboda haka jarumi na mataki na 5 da ke son ɗaukar matakin farko a sabuwar sana'a sai ya tara 14,000 cif, babu rangwame don shi sabon shiga ne. Na biyu ƙarin ƙwarewa, wanda ake haɗawa da jifa a duk abin da jarumi ya iya: 2 ne daga mataki na 1, ya koma 3 a mataki na 5, 4 a na 9, 5 a na 13, 6 a na 17. Na uku ƙananan sihirin da ake yi ba iyaka, waɗanda ƙarfinsu ke ƙaruwa a jimilla ta 5 da 11 da 17.

Sauran kusan duka suna bin matakin sana'a. Ƙarin maki biyu da ake sa wa siffofi yana zuwa ne a mataki na 4, 8, 12, 16 da 19 na sana'a guda, Mayaƙi yana da ƙari a 6 da 14, Ɗan sanɗa a 10. Hari na biyu, wato damar kai sara sau biyu a juyi guda, yana zuwa a mataki na 5 na Mayaƙi, Babariyan, Faladin, Maharbi da Ɗan zuhudu, kuma ba a tara shi: wanda ya samu daga sana'a biyu, sara biyun nan ne dai. Makin rai shi ma kowace sana'a da ƙwayarta: mai fuska 12 ga Babariyan, mai 10 ga Mayaƙi da Faladin da Maharbi, mai 6 ga Masani da Magaji, mai 8 ga sauran.

Muhimmancin sana'ar farko

Sana'ar da aka fara da ita tana ba da abubuwan da ba a ƙara samu. Ita kaɗai ke ba da cikakken makin ƙwayarta a mataki na 1. Ita ke ba da kayan farawa. Ita ce kuma ke tantance siffofi biyun da jarumi ya ƙware a kansu wajen jifan tsira, wato jifan da ake yi domin kauce wa guba ko wuta ko sihirin abokin gaba. Mayaƙi yana da Ƙarfi da Juriya, Masani yana da Hazaƙa da Hikima, Magaji yana da Juriya da Kwarjini, Ɗan sanɗa yana da Zafin nama da Hazaƙa.

Wanda ya shigo sana'a daga baya rabin gado yake samu. Idan ya shigo Mayaƙi ko Faladin, zai iya sa sulke mara nauyi da matsakaici, ya riƙe garkuwa da kowane makami, amma ban da sulke mai nauyi. Idan ya shigo Masani ko Magaji ba ya samun ƙwarewar makami ko sulke ko ɗaya. Wanda ya fara da Ɗan sanɗa yana zaɓen fasahohi huɗu daga sana'ar, sannan in ya ƙara Mayaƙi su ne dai huɗun. Wanda ya fara da Mayaƙi yana da biyu, Ɗan sanɗa ya ƙara masa ɗaya su zama uku, amma yana da sulke mai nauyi da ƙarin makin rai 1. Jarumai biyu ke nan masu matakai iri ɗaya, jerin shigarsu kawai ya bambanta su.

Lissafin guraben sihiri

Sihiri yana da daraja daga 1 zuwa 9, kuma darajar dabam take da matakin jarumi. Kowane mai sihiri yana da gurabe, kowane gurbi dama ce ta yin sihiri sau ɗaya, ba ya dawowa sai bayan dogon hutu na awa takwas. Idan jarumi yana da sana'ar sihiri fiye da ɗaya, ana haɗa su kamar haka domin a san yawan gurabensa: a ƙirga dukkan matakan Mawaƙi, Kilarik, Duruwid, Masani da Magaji, a ƙara rabin matakan Faladin da Maharbi, a yar da ɓurɓushin, a ƙara sulusin matakan Mayaƙi ko Ɗan sanɗa idan sun ɗauki reshen da ke koyon sihiri. Abin da ya fito shi ake dubawa a jadawalin.

Ɗauki Faladin 2 da Magaji 4. Rabin biyu ɗaya ne, a haɗa da huɗu ya zama 5. Jadawalin ya ba mataki na 5 gurabe huɗu na daraja ta 1, uku na daraja ta 2, biyu na daraja ta 3. Nan ne tarkon yake. Gurabe ake haɗawa, ilimin kuwa kowace sana'a nata take riƙe da shi kamar ita kaɗai ce. Magaji 4 bai san abin da ya wuce daraja ta 2 ba, Faladin 2 bai wuce ta 1 ba. Don haka wannan jarumi yana da gurabe biyu na daraja ta 3, amma ba shi da sihirin daraja ta 3 ko ɗaya, sai dai ya zuba ƙaramin sihiri a babban gurbi domin ya ƙara masa ƙarfi.

Walok ba ya shiga wannan lissafi. Gurabensa kaɗan ne, ana ajiye su gefe guda, amma suna dawowa bayan gajeren hutu na awa ɗaya, kuma an halatta a yi sihirin ɗaya sana'ar da su.

Farashin jinkiri

Mataki na 5 shi ne babban tsani na farko a wasan. A nan masu makami ke samun hari na biyu, wanda kusan ke ninka ɓarnarsu, masu sihiri kuma ke buɗe daraja ta 3, inda ake samun Dunƙulen Wuta mai jefa ƙwaya takwas masu fuska 6 a kan duk wanda ke cikin da'irarsa, matsakaicinsa 28. Jagora yana auna dodannin da zai kawo ne da jimillar matakan jaruman, ba ruwansa da yadda kowa ya raba nasa.

Dubi Mayaƙi 3 da Masani 3, rabon da ke ba sabon ɗan wasa sha'awa saboda yana kama da adalci. Jarumi ne na mataki na 6, amma ba shi da hari na biyu, ba shi da daraja ta 3, bai taɓa samun ƙarin maki ba. Gurabensa shida ne, ko bakwai in ya ɗauki reshen Mayaƙi mai sihiri. Mayaƙi zalla na mataki na 6 yana da hari biyu, ya kuma karɓi ƙarin maki sau biyu. Masani zalla na mataki na 6 yana da gurabe goma, uku daga ciki na daraja ta 3. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wannan jarumi sai ya ƙara matakai biyu a sana'a guda kafin ya kai inda abokansa suka wuce tuni.

A can sama ma akwai asara. Daraja ta 9 tana buɗewa ne a mataki na 17 na sana'ar sihiri, saboda haka Masanin da ya kashe fiye da matakai uku a waje ya yi sallama da ita har abada. Baiwar ƙarshe ta mataki na 20 kuwa ko mataki ɗaya aka cire ta tafi. Sai dai wannan asara ta fi yawa a takarda, domin labarai da dama ba sa kaiwa can. Lost Mine of Phandelver na 2014 yana ƙarewa a mataki na 5, Curse of Strahd na 2016 a mataki na 10. Haɗin da ba ya nuna amfaninsa sai a mataki na 14 bai dace da labarin da zai tsaya a na 10 ba.

Shi ya sa gogaggun 'yan wasa suka fi son abin da za a iya kira tsoma baki, wato ɗaukar mataki ɗaya zuwa uku a wata sana'a domin wata baiwa takamaimiya, sauran duka a bar su a babbar sana'a.

Misali: Masani cikin sulke

A ce ɗan wasa yana son Masanin Sihiri wanda ba ya faɗuwa da sara ɗaya. Ya raba lambobinsa haka, kafin a sa ƙarin da jinsi ke bayarwa: Hazaƙa 15, Juriya 14, Ƙarfi 13, Hikima 12, Zafin nama 10, Kwarjini 8. Ya fara da Mayaƙi a mataki na 1, daga na 2 ya koma Masani bai sake waiwayowa ba. Ƙarfi 13 da Hazaƙa 15 sun cika sharaɗin duka biyun.

Riba ta farko kariya ce. Sulken sarƙa, wanda ke cikin kayan farawa na Mayaƙi kuma yake neman Ƙarfi 13, yana ba da lambar kariya 16, garkuwa ta ƙara 2, salon yaƙi na tsaro ya ƙara 1, jimilla 19. Wannan ita ce lambar da abokin gaba zai cimma kafin ya same shi. Masani zalla mai Zafin nama 14 yana kaiwa 15 ne, shi ma sai ya kashe gurbi guda a kan sihirin kariya. Doka ta yarda a yi sihiri cikin sulke muddin jarumi ya ƙware da shi.

Riba ta biyu tattara hankali ce. Yawancin manyan sihiri suna ɗorewa ne muddin mai su bai rasa natsuwa ba, kuma duk lokacin da aka ji masa rauni sai ya yi jifan tsira na Juriya, mafi ƙaranci ya cimma 10. A mataki na 6 wannan jarumi yana ƙara 5 a jifansa, don haka fuska 16 daga cikin 20 sun ishe shi, wato kashi 80 cikin ɗari. Masani zalla mai Juriya iri ɗaya yana ƙara 2, fuska 13 ke fid da shi, wato kashi 65. A makin rai kuwa bambancin ƙarami ne: 42 da 38 a mataki na 6, in an bi matsakaicin ƙwaya.

Farashin shi ne jinkirin mataki ɗaya a kowace daraja ta sihiri har ƙarshen wasa. Lokacin da Masani zalla ya samu Dunƙulen Wuta a maki 6,500, shi sai ya jira 14,000, ratar 7,500 ke nan, wadda za ta iya cin zama da yawa. Ya kuma rasa ƙwarewar jifan tsira na Hikima, wanda ake kare kai da shi daga sihirin tsoratarwa da juya tunani. Idan tawagar tana da mayaƙa biyu da ke tare gaba, watakila wannan ciniki bai biya ba. Idan 'yan wasa uku ne kacal kuma kowa na shan sara, ya biya har da riba.

Haɗe-haɗen da suka yi suna

Faladin da Magajin Sihiri. Dukansu Kwarjini suke nema. Faladin yana da baiwar da ke mayar da gurbin sihiri zuwa ƙarin ɓarna a kan saran da ya samu abokin gaba: ƙwaya biyu masu fuska 8 a gurbin daraja ta 1, ƙarin ɗaya a kowace daraja, har zuwa biyar. Magaji shi ke kawo guraben. Faladin 6 da Magaji 6 ana ƙirga shi mataki na 9, yana da gurabe 14 har zuwa daraja ta 5, alhali Faladin zalla na mataki na 12 yana da goma, ba su wuce daraja ta 3 ba. Da yawa kan jira mataki na 6 kafin su fita, domin a nan Faladin ke samun da'irar da ke ƙara Kwarjininsa a jifan tsirar duk abokin da ke cikin ƙafa goma.

Matakai biyu na Walok. Walok yana da ƙaramin sihiri na harbi wanda kibiyoyinsa ke ƙaruwa da jimillar mataki: biyu a 5, uku a 11, huɗu a 17. A mataki na 2 yana iya zaɓen baiwar da ke ƙara Kwarjini a kan kowace kibiya. Mawaƙi ko Magaji da ya tsoma baki nan ya samu makamin da ba ya ƙarewa kuma yake girma da kansa.

Mayaƙi da Ɗan sanɗa. Harin ba-zata na Ɗan sanɗa sau ɗaya ake yin sa a juyi, idan ya kuskure ya tashi a banza. Hari na biyu na Mayaƙi 5 yana ba shi dama ta biyu. Kowane matakai biyu da aka cire daga Ɗan sanɗa kuwa suna rage masa ƙwaya ɗaya mai fuska 6.

Akwai kuma waɗanda ba sa ga maciji. Babariyan ba ya iya yin sihiri ko riƙe shi muddin yana cikin fusata, saboda haka haɗa shi da Masani tamkar sayen kaya biyu ne da ba a amfani da su lokaci guda. Haka nan fusatar ba ta ba da moriyarta ga wanda ke sanye da sulke mai nauyi.

Abin da gyaran 2024 ya sauya

Sabon Player's Handbook da ya fito a watan Satumba na 2024 ya bar sharaɗin maki 13 yadda yake, amma ya taɓa wurare huɗu da suka shafi wannan batu. Yanzu kowace sana'a tana zaɓen reshenta ne a mataki na 3, alhali a da Kilarik da Magaji da Walok suna samu tun a mataki na 1, Masani da Duruwid a na 2, abin da ya rage ribar tsoma baki na mataki ɗaya. Rabin matakan Faladin da Maharbi yanzu sama ake cike shi. Ƙarin ɓarnar Faladin ta koma sihiri da ake yi sau ɗaya a juyi. Ƙarin yunƙurin da Mayaƙi ke samu a mataki na 2, wanda a da Masana kan ara domin su yi sihiri biyu a juyi guda, an hana amfani da shi wajen sihiri. Ya kamata ɗan wasa ya san wane littafi teburinsa ke bi kafin ya yi lissafi.

Wanda ya san dokar daga wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a 2023, shi ma ya lura: a can an cire sharaɗin maki 13, matakai suna tsayawa a 12, kuma ana iya sake gina jarumi daga tushe da zinare 100 na cikin wasan. A tebur babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sai da yardar jagora.

Kafin a ɗauki matakin

Lissafi rabin aiki ne, domin wasan labari ne. Ɓarawon da ya kwana ya tashi da rantsuwar barde yana buƙatar dalili a cikin labarin: wa ya koya masa, me ya gani da ya sauya shi. Jagora kan so a sanar da shi tun da wuri domin ya shigo da malami ko tsohon littafi ko wani abin da zai share fage, wasu jagororin ma sukan nemi jarumin ya ɗauki makonni na cikin labari yana koyo.

Tambayoyi biyar ne ya kamata ɗan wasa ya amsa a takarda kafin ya yanke shawara:

- Wace baiwa takamaimiya nake nema, kuma a mataki na nawa take?
- Me zan jinkirta a babbar sana'ata, na tsawon matakai nawa?
- Sana'o'in biyu siffa ɗaya suke nema ko dabam-dabam?
- A wane mataki labarin zai ƙare?
- Akwai reshe ko baiwa a cikin sana'ata da za ta ba ni abin nan ba tare da na fita ba?

Tambaya ta ƙarshe takan warware matsalar tun kafin a je ko'ina, domin Mayaƙi da Ɗan sanɗa suna da rassa masu sihiri, Mawaƙi kuma yana da reshen da ke ba shi sulke matsakaici da garkuwa a mataki na 3 da hari na biyu a na 6. Ga wanda bai taɓa wasan ba, shawarar da aka saba bayarwa ita ce ya kai sana'a ɗaya mataki na 5 tukuna. Mai son karanta dokar da kansa zai same ta kyauta a intanet, cikin kundin dokokin bugu na biyar da Wizards of the Coast ya saki ƙarƙashin lasisin Creative Commons a watan Janairun 2023.